RUWAN AZURFA: ƘARFEN DA IN YA SHIGA FATA BA YA FITA



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwa, darasinmu na yau a kan wani ruwa ne da ake tallarsa a intanet, ana kiransa ruwan azurfa, Turawa kuma suna ce masa koloyidal silba. A 'yan kwalabe ake sayar da shi, wani fari tas kamar ruwan sha, wani kuma ruwan ɗorawa-ɗorawa. Masu tallan sukan ce yana kashe ƙwayoyin cuta ɗaruruwa, yana ƙara garkuwar jiki, har ciwon daji ma wai bai gagare shi ba. Kuma kun san halinmu, ba wuya a yafa wa irin wannan kaya rigar addini, a ce ai azurfa ƙarfe ne mai albarka tunda Annabi (SAW) ya sa zobenta.

To, mu zauna mu yi karatun a tsanake. Za mu ga mene ne ruwan, me yake yi a jiki, sannan mu ɗora hukunci. Domin malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci yadda yake.

1. MENE NE RUWAN AZURFA?

Azurfa ce ta gaske, irin wadda maƙeran fari ke yin zobe da awarwaro da ita. Sai dai an mayar da ita ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, silin gashi ɗaya ya fi su kauri sau ɗaruruwa, wasu ma sau dubbai. Saboda ƙanƙantarsu ba sa kwanciya a gindin kwalba, suna nan suna yawo a cikin ruwan kamar yadda ƙura ke yawo a hasken da ya shigo ta taga. Wani a masana'anta ake yin sa, wani kuma mutane ne ke haɗa abinsu a gida da waya da batir, ba awo ba ƙa'ida.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne: jikin ɗan Adam yana buƙatar wasu ma'adinai, kamar sinadarin ƙarfe da ke cikin jini, da zink, da aidin da ake sa wa gishiri. In sun yi ƙaranci sai a ga ciwo. Azurfa ba ta cikinsu. Babu wani aiki da aka san tana yi a jiki, kuma babu wata cuta da ake kira ƙarancin azurfa.

2. GASKIYAR DA KE CIKIN TALLAN

Adalci ya sa mu faɗi wannan: azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta in ta taɓa su, kuma likitoci sun daɗe da sanin haka. A shekarar 1881 wani likitan haihuwa a garin Laifzig na Jamus, mai suna Carl Credé, ya bayyana yadda ɗiga ruwan silba naitiret a idon jariri ke kare shi daga makantar da ciwon sanyin uwa ke jawowa. Jarirai masu ɗimbin yawa sun tsira da idanunsu ta wannan hanya. A 1968 kuma aka fito da man shafawa na ƙuna mai azurfa, silba salfadayazin, wanda har gobe ana amfani da shi a asibitoci. Akwai ma bandeji mai azurfa da ake ɗaure gyambo da shi.

Amma ka lura da kyau, duk waɗannan a waje ne: a kan ƙuna, a kan rauni, da awo, na ɗan lokaci, a hannun likita. Ai sabulu ma yana kashe ƙwayoyin cuta, haka ruwan bilic, amma wa ka taɓa gani ya dama sabulu ya sha don maganin taifot? A nan ne mai talla yake yin dabararsa. Sai ya ɗauko gaskiyar abin da ke faruwa a kan fata ko a ɗakin gwaji, ya sayar maka da ita a matsayin abin sha.

Babu wani ingantaccen gwaji a kan mutane da ya nuna shan ruwan azurfa yana warkar da wata cuta. Shi ya sa a 1999 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta yanke cewa magungunan da ke ɗauke da shi ba sa cikin waɗanda aka amince da amfaninsu da amincinsu. Abin da ya sa har yanzu ake samunsa a can, ana sayar da shi ne da sunan ƙarin abinci, kuma irin wannan kaya ba a tilasta wa mai shi ya kawo hujjar warkarwa kafin ya kai kasuwa. Saboda haka kar rubutun "an yi a Amurka" ya ruɗe ka.

3. AZURFA DA HASKE

Ba za ka gane illar ba sai ka san alaƙar azurfa da haske, kuma wallahi akwai abin tunani a nan.

A cikin ƙarafa gaba ɗaya, babu wanda ya kai gogaggiyar azurfa mayar da hasken da ido ke gani. Kusan duk hasken da ya sauka a kanta dawowa yake yi. Don haka ne a 1835 wani masanin sinadarai Bajamushe, Justus von Liebig, ya samo hanyar shafa siririyar azurfa a bayan gilashi, aka sami irin madubin da muka sani. Ko da yake yanzu madubai da yawa da alminiyam ake yin su saboda araha.

Tun kafin wannan, magina tukwane na Iraƙi a zamanin Abbasiyawa, ƙarni na 9 Miladiyya, sun gano cewa in aka shafa haɗin azurfa da tagulla a kan tangaran aka sake gasa shi a wuta mai hayaƙi, sai ya fito yana walƙiya kamar zinare. Binciken zamani ya nuna ƙananan ƙwayoyin ƙarfen ne suka nutse a cikin fatar tangaran ɗin suna wasa da haske. Irin wannan tayil yana nan har yau a kewayen mihirabin babban masallacin Ƙairawan a Tunisiya, garin mai Risala. Sama da shekara dubu ke nan, launin bai goge ba. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai hoto. Waɗanda suka riski zamanin da ake wanke hoto a ɗaki mai duhu, to fim ɗin nan an shafe shi ne da ƙananan kiristal na gishirin azurfa. Kiristal shi ne abin da ƙwayoyinsa suka jeru sahu-sahu a tsari ɗaya, kamar gishiri da sukari. Da zarar haske ya taɓa waɗannan kiristal, sai su fara rikiɗa su koma ƙwayoyin azurfa masu duhu. Inda haske ya fi yawa nan ya fi duhu, a haka hoton ke kamawa. A kan wannan siffa ta azurfa aka gina sana'ar hoto tun daga 1839.

Abu na ƙarshe: kowa ya san zoben azurfa yana dafewa ya yi baƙi. Dalili shi ne tana haɗuwa da sinadarin farar wuta da ke cikin iska da gumi da wasu abinci irin su ƙwai.

4. IDAN TA SHIGA CIKI FA?

Yanzu haɗa waɗannan guda biyu, haske da farar wuta, ka kai su cikin jikin mutum.

A 2012 masu bincike a Jami'ar Brown da ke Amurka sun bi sawun abin. In aka sha ruwan azurfa, ruwan ciki mai tsami yana narkar da wani sashe nata, ta shiga jini, jini ya kai ta sassan jiki har fata. In ta isa fata rana ta buga, sai ta koma ƙwayoyin azurfa, daidai yadda yake faruwa a fim ɗin hoto. Daga nan ta haɗu da farar wuta da sinadarin seleniyam da ke jiki, ta zama wasu baƙaƙen ƙwayoyi da ba sa narkewa. Sai su zauna a can ƙarƙashin fata, musamman kewayen inda gumi ke fitowa.

A taƙaice, fatar mutum ta zama takardar hoto. Shi ya sa fuska da wuya da hannuwa, inda rana ta fi duka, suka fi rinewa. Me ya sa ake ganin shuɗi alhali ƙwayoyin baƙaƙe ne? Saboda a can ƙasa suke, ta cikin fata ake hango su, kamar yadda jijiyar jini ke yin shuɗi-shuɗi a hannun farin mutum.

Likitoci suna kiran wannan lalura arjiriya, daga kalmar Girkanci mai nufin azurfa. Fata ta koma shuɗiya ko ruwan toka. Kuma ga inda gizo ke saƙar: ba ta komawa. Marini in ya tsoma hannu a baba, bayan 'yan kwanaki shunin ya fita, domin a saman fata yake. Wannan kuwa a ciki yake, kamar ƙwayoyin da suka nutse a tayil ɗin Ƙairawan. Sabulu ba ya kai wurin, man shafawa ba ya kai wurin, magungunan da ake fitar da gubar ƙarfe daga jini ma ba su yi nasara a kansa ba. An sami wasu da aka rage musu da hasken leza, amma aiki ne mai zafi da tsada, kuma ba ko'ina ake yin sa ba.

Haka kuma a hankali take taruwa, wata da watanni ko shekaru, har na kusa da mutum ba sa lura sai abin ya yi nisa. Mu masu baƙar fata abin ya fi ɓuya a kanmu, sai dai a duba dasashi da gindin farce da farin ido.

Bayan rini, ruwan azurfa yana rage wa jiki tsotsar wasu magunguna, irin su tetirasaikilin da dangin sifuro da maganin maƙoƙo na tairoksin. Ka ga mutum yana shan maganin asibiti, yana kuma shan abin da ke raunana shi.

5. WAƊANDA ABIN YA FAƊA WA

Don kar a ce tatsuniya ce, ga mutane uku da duniya ta sani, dukansu Amurkawa.

Rosemary Jacobs tana yarinya a shekarun 1950 aka rubuta mata maganin ɗiga wa hanci mai azurfa. Fuskarta ta koma ruwan toka, a haka ta girma, daga baya ta zama mai faɗakar da jama'a a kan haɗarin.

Stan Jones na jihar Montana ya fara haɗa nasa a gida a 1999, saboda tsoron da ake yi a lokacin cewa kwamfutoci za su rikice da shigowar shekarar 2000 a rasa magunguna. Magunguna ba su yanke ba, amma launinsa ya canza. A haka ya tsaya takarar majalisar dattawa a 2002 da 2006.

Paul Karason shi ya fi shahara. Ya yi shekaru yana sha yana kuma shafawa a fuska saboda ciwon fata. Da ya fito a talabijin a 2008, shuɗi ne sosai har mutane suka ɗauka fenti ne. Ya rasu a 2013 yana da shekara 62 bayan bugun zuciya, kuma da launin ya tafi.

Akwai na huɗu, shi kuma darasi ne gare mu masu hawa mumbari. A farkon annobar korona a 2020, wani fitaccen mai wa'azin Kirista a talabijin, Jim Bakker, ya tallata ruwan azurfa a shirinsa, aka nuna wa masu kallo yana iya maganin cutar. Jihar Mizuri ta kai shi kotu, a 2021 aka daidaita a kan a mayar wa masu saye kuɗin da ya kai dala 156,000. Ban kawo wannan don a yi wa wani addini dariya ba. Tarkon ɗaya ne ko'ina: mutane sun amince da mai wa'azi saboda Allah, shi kuma ya juya amanar ta koma kasuwa. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

6. KIFI DA HAWAINIYA

Dubi kifi yadda jikinsa ke ƙyalli kamar azurfa. Ko ɗigon azurfa babu a ciki. Wasu siraran kiristal ne na sinadarin guwanin, Allah Ya jera su hawa-hawa a fatarsa suna mayar da haske. Ita ma hawainiya haka ne. A 2015 masu bincike a Jami'ar Janeba da ke Suwizalan sun nuna cewa wata hawainiyar Madagaska tana da irin waɗannan kiristal a fatarta. In hankalinta kwance yake suna matse da juna, sai a gan ta koriya. In ta harzuƙa su buɗe, sai ta koma ɗorawa ko ja. Ta gama ta koma yadda take.

Subhanallah! Ita an halicce ta da abinta, an ba ta linzaminsa. Ɗan Adam kuwa ba a ba fatarsa hanyar fitar da azurfa ba. Kowane abu akwai gurbin da Allah Ya ajiye shi. Siffar nan da ta sa azurfa ta zama madubi da hoto, ita ce dai take ɓata fata in an kai ta inda ba wurinta ba.

7. HUKUNCI

Mas'ala ta farko: shin shan ruwan azurfa daidai yake da sha a ƙoƙon azurfa? Ci da sha a kwanon zinare ko na azurfa haramun ne ga maza da mata, hadisan Huzaifa da Ummu Salama (RA) a Bukhari da Muslim sun tabbatar da haka, da narko mai tsanani. An tanadar wa muminai su ne a Aljanna, inda Suratul Insan ta siffanta kofunan da cewa na azurfa ne kuma garai-garai kamar ƙarau, abin da babu irinsa a duniya. Amma wannan hani a kan mazubi yake. Ruwan azurfa a kwalbar gilashi ko roba mas'ala ce ta daban, sai a duba ta ta fuskar amfani da cutarwa.

Mas'ala ta biyu: ya halatta a sha shi da sunan magani? Neman magani halal ne, Annabi (SAW) ma ya kwaɗaitar da shi. Amma shari'a ta hana mutum ya cutar da kansa, jikinka amana ne za a tambaye ka. A nan cutarwa ta tabbata, an gan ta da ido, amfanin sha kuwa bai tabbata ba. Abin da ya fi bayyana shi ne bai halatta mutum ya riƙa sha ba bayan ya sani, balle ya ɗura wa yaro ko mai ciki. Man ƙuna da bandeji da likita ya rubuta kuwa, babu laifi ko kaɗan.

Wani zai ce, Malam, ai Ibnul Ƙayyim ya ambaci azurfa a cikin Zadul Ma'ad, a sashen magunguna. Gaskiya ne ya ambace ta, har ya lissafa ta cikin abubuwan da ke amfanar mai baƙin ciki da raunin zuciya. Sai dai a bambance. Abin da ya kawo daga Sunna shi ne irin zoben Annabi (SAW) da adon takobinsa. Maganar amfanin ta kuwa daga ilimin likitocin zamaninsa ce, kuma ya rasu tun 751 Hijiriyya. Wannan ilimin gwaji ne, gwaji ke tabbatar da shi, gwaji ke rushe shi. Zuma da habbatus sauda da ƙaho sun zo a ingantattun hadisai, shan azurfa ba ya cikinsu. Sa zobe daban, haɗiye zobe daban.

Akwai ma hadisin da ya dace da wannan babi. Sahabi Arfaja bin As'ad (RA) an yanke masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin Jahiliyya, sai ya sa na azurfa. Hancin ya yi wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun rawaito shi. Duba fa: zinare haramun ne ga namiji, azurfa ta fi sauƙin hukunci, amma da aka ga ba ta jitu da jikinsa ba, aka koma ga abin da ba ya cutarwa. Ba a ce ya daure saboda albarka ba. Abin da aka gani a jiki shi aka bi.

Mas'ala ta uku: mai sayarwa. Wanda ya sayar da kaya ya ɓoye aibinsa ya yi algus, kuma kun san yadda Annabi (SAW) ya tsawatar wa mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa. Wanda ya shiga aikin likita ba a san shi da shi ba, in ya yi ɓarna shi zai biya, hadisi ya zo da haka. Wanda kuma ya jingina wa Annabi (SAW) abin da bai faɗa ba don kayansa su shige, wannan ya fi duka muni. Kai mai turawa a WhatsApp da Facebook, kai ma kana da kamasho, ko ba ka karɓi ko sisi ba.

Mas'ala ta huɗu: wanda ya riga ya rine. Alwalarsa da wankansa sun inganta, domin launin a cikin fata yake, ba ya hana ruwa taɓa ta. Ba ya yaɗuwa, ba najasa ba ne, kuma haramun ne a yi masa ba'a ko laƙabi. Jarrabawa ce, a taya shi da addu'a.

8. ABIN YI

In kana sha, ka daina yau. Abin da ya riga ya zauna ba zai fita ba, amma ka hana ƙari. Ka je wurin likita da kwalbar a hannunka, ka gaya masa tsawon lokacin da ka yi kana sha da sauran magungunan da kake kai. Ka rage shiga rana tsaka, domin ita ke ƙara duhun.

Kada ka ajiye maganin suga, ko hawan jini, ko tarin fuka, ko na cuta mai karya garkuwar jiki saboda wani ya ce ga ruwa mai maganin komai. Wannan ya fi rinewar fata haɗari, domin rai ne a ciki.

'Yan uwa mata, darasin ya shafi man bilicin ma. Mai ɗauke da sinadarin haidirokwinon in aka daɗe ana shafawa yana iya barin tabo baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu, mai wuyar fita. An je neman haske, an dawo da duhu.

Sannan duk maganin da aka kawo maka, yi masa tambaya uku: a kan mutane aka gwada shi ko a kwalba kawai? Wa ya tabbatar da amfaninsa ban da mai sayarwa? Mene ne illarsa? In aka ce maka yana maganin komai kuma ba shi da illa ko ɗaya, to riƙe kuɗinka ka yi gaba.

Allah ne mafi sani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mu daga cutar da kanmu da cutar da bayinSa, Ya sa mu ci halal. A tura wa 'yan uwa, wataƙila wani yana da kwalbar a ɗakinsa yanzu haka.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.